Babi na Shida: Haraji da Takardar Gida a Yerwa

Sarakunan Borno na dā, waɗanda ake kira Mai, sun fahimci wani al'amari game da haraji tun ƙarnuka masu yawa kafin a kafa makarantun koyon tattalin arziki, shi ne cewa mai mulki yana iya cika wuri da jama'a, ko kuwa ya mayar da shi kufai, ba tare da ya zare takobi ba, muddin alƙalamin da ake rubuta haraji da shi yana hannunsa. Hujjar wannan magana tana cikin takardun nan da ake kira maharam, waɗanda Mai yakan bai wa wani malami da zuriyarsa, ya ɗauke musu haraji da hidimar yaƙi, ya kuma haramta wa hakimai da jakadunsu miƙa hannu ga dukiyarsu. Mafi tsufa daga cikinsu ana jingina ta ga Mai Umme Jilmi, a wajejen ƙarshen ƙarni na 11, wadda ya bai wa Malam Muhammadu ɗan Mani. Abin lura shi ne abin da yakan biyo bayan takardar: da zarar labari ya bazu cewa ga wani wuri can inda jakadan haraji ba ya shiga, sai almajirai su taru, manoman da hannun mai ƙasa ya yi wa nauyi su bi bayansu, masu sana'a su biyo manoma, har dajin da ba wanda ya kula da shi jiya ya wayi gari yana da masallaci da kasuwa da rijiya. Ƙasar dai ita ce, ba a ƙara mata taki ba, ba a sāke mata ruwan sama ba. Abin da ya sāke shi ne hukuncin da ke kanta, amma darajarta ta ninka.

Shi kansa birnin da muke magana a kai, wato Yerwa, akwai hannun tara da biyan kuɗi a cikin sababin kafuwarsa. Bayan da Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri a shekarar 1900, suka mayar da sarauta gidan Shehu Laminu a Dikwa, sai suka ɗora wa Shehu wani nauyi na dubban daloli na azurfa a matsayin ladan aikinsu. Ingilishi kuwa, da suka iso a 1902, suka jawo Shehu Abubakar Garbai zuwa ɓangarensu, suna masu nuna masa cewa a wurinsu zai huta da wannan biya. Ya zauna Monguno, ya gwada raya Kukawa wadda Rabeh ya rusa, daga ƙarshe a 1907 ya kafa Yerwa kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri, a bakin kogin Ngadda, dab da barikin Turawa. Bai huta ɗin ba, domin tun a 1906 Gwamna Lugga ya riga ya fitar da dokar da ta tattara tsofaffin kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa ta mayar da su haraji da jangali, ana raba abin da aka samu tsakanin gwamnati da baitulmalin En'e. Wannan haraji na kai ne da na dabba, kuma da shi aka saba a Arewa har zuwa 1979, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi. Gida da fili kuwa, waɗanda su ne batunmu, wata hanya dabam suka bi.

A 1910 Turawa suka zartar cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita saboda maslahar mutanenta. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan ƙa'ida a 1962. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa ta a kan Nijeriya baki ɗaya, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a yi saurin taɓa ta. Bisa wannan doka, filin cikin birni amana ne a hannun gwamnan jiha, abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama a kansa, galibi na shekara 99, da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa kowace shekara, kuma ba ya halatta ya sayar, ko ya jinginar, ko ya bayar da shi, sai da amincewar gwamna. Wannan ita ce shari'ar da ke cikin littafi. Amma duk wanda ya taɓa zama a majalisar dillalai a Bulumkutu ko Gwange ya san akwai wata shari'a ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, wadda a cikinta mai saye da mai sayarwa sukan zauna gaban bulama, wato mai unguwa, a kira shaidu, a rubuta yarjejeniya a fallen takarda guda, a buga hatimi, a ba dillali la'adarsa, a yi fatiha a watse. Gidaje masu yawan gaske a birnin nan, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Hausari da Fezzan, da sababbin da suka tsiro a gefen Jere, ba su da wata shaida sai irin wannan, ko kuwa takardar rabon gado daga kotu.

Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan rabuwa da kyau, gama duk abin da za mu faɗa nan gaba a kanta yake tsaye. Haraji a kan gida ba ya ganin bulo da kwano. Takarda yake gani. Wanda ya wahala ya bi ofis-ofis ya sami takardar shaidar mallaka, shi ne sunansa ke cikin rajista, shi ne za a aika wa takardar neman kuɗin ƙasa, shi ne idan zai sayar sai ya nemi amincewar gwamna, ya biya kuɗin rajista da kuɗin hatimi da harajin riba. Maƙwabcinsa kuwa mai takardar bulama, alhali gidajensu katanga guda ce ta raba su, yana iya sayar da nasa tsakanin azahar da la'asar, hukuma ba ta ji ba, ba ta gani ba. Saboda haka duk lokacin da aka ƙara wani abu a kan cinikin gida, tambayar farko da ya kamata a yi ita ce mutum nawa ne wannan ƙari zai hana neman takarda, kafin a kai ga lissafin abin da zai shigo baitulmali.

Kafin mu shiga dokokin kansu, sai mun dubi irin kasuwar da suke faɗowa a kanta, domin Maiduguri ba ta yi kama da sauran birane ba. Ta girma a hankali da isowar jirgin ƙasa a 1964, da zamanta hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967 da ta Jihar Borno a 1976, da kafa jami'a a 1975, da rukunin gidajen gwamnati da mutane ke kira da lambobinsu, su 202 da 303 da 777 da Dubu. Daga 2009 kuwa fitina ta sauko, kuma a 2014, sa'ad da Gwoza da Bama da wasu garuruwa suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a ta kwararo birnin da yawan da ba a taɓa gani ba, kaɗan daga ciki suka shiga sansanoni irin su Bakasi da Dalori, mafi yawa kuwa suka raɓe a gidajen dangi ko suka kama ɗaki haya. A daidai lokacin da mutane ke ƙaruwa, filin da za a iya ginawa ya ƙuntata, saboda an kewaye gari da ramin tsaro, kuma ba mai hankalin da zai kai iyalinsa bayan ramin. Sai ƙungiyoyin agaji na duniya suka iso da ma'aikatansu da motocinsu, suna neman manyan gidaje a unguwannin Turawa, tsohuwa da sabuwa, da hanyar Damboa, suna biyan kuɗin da ma'aikacin gwamnati ba ya ko mafarkinsa, sau da yawa na shekara fiye da ɗaya a dunƙule. Gwamnatin jiha ta rufe sansanonin cikin birni daga ƙarshen 2021, waɗansu suka koma garuruwansu, waɗansu suka ƙara cunkoso a unguwanni. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Galtimari da Shehuri, ya shiga Kasuwar Monde da asibitin koyarwa da fadar Shehu, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Bayan wata huɗu kacal, a farkon 2025, gwamnatin Amurka ta datse kuɗin agajin da take bayarwa, ƙungiyoyi suka fara rage ma'aikata suna mayar da makullai.

To, a irin wannan kasuwa, wa yake biyan haraji idan an ɗora shi? Mutane sukan amsa da sauri cewa ɗan haya ne, domin maigida zai ƙara masa a kan kuɗin shekara. Amsar tana da gaskiya, amma ba a ko'ina ba, kuma bambancin yana da muhimmanci. Attajirin da ya gina katafaren gida a hanyar Damboa yana jiran wata ƙungiya ta kama, yau kuwa gidan yana rufe maigadi kaɗai ke kwana a ciki, ba shi da wanda zai miƙa wa nauyin. Ko ya biya daga aljihunsa, ko ya karya farashi, ko ya yanka gidan ɗaki-ɗaki. Amma mai gidan haya na ɗaki goma a Bulabulin ko Zajeri, wanda idan mutum ɗaya ya fita biyar ne ke jira a ƙofa, wanda kuma wataƙila ya daɗe yana jin kunyar yi wa tsofaffin 'yan hayarsa ƙari saboda zaman tare da sallah a masallaci guda, shi labarin sabon haraji hujja ce da ta faɗo masa daga sama, kuma yakan ƙara fiye da abin da aka ɗora masa, ko da ma shi ba a taɓa neman sa da ko kwabo ba. Haraji a nan kamar ruwan Ngadda yake: duk inda aka zuba shi, kwari yake nema ya kwanta.

An ga misalin wannan a watan Yuli na 2020, lokacin da hukumar tara haraji ta tarayya ta sanar cewa za a riƙa karɓar kuɗin hatimi na kashi 6 cikin ɗari a kan yarjejeniyar haya. Ƙasa ta ɗauki kuka, ƙungiyar ƙwadago ta yi tir, sai hukumar ta dawo ta bayyana cewa kashi 6 ɗin na hayar da ta wuce shekara 21 ne, ta shekara 7 zuwa 21 kashi 3 ce, hayar da talaka ya sani kuwa, wadda ba ta kai shekara 7 ba, ba ta ma cika kashi ɗaya ba. Bayani ya zo, amma sanarwar farko ta riga shi isa kunnen masu gidaje, kuma a al'adar haya abin da ya hau ba ya saukowa. A wannan shekarar dai, daga watan Fabrairu, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7 da rabi. Doka ta keɓe fili da gini da kuɗin haya daga wannan haraji, amma ba ta keɓe siminti da rodi da kwano da fenti ba, kuma duk waɗannan sai an ɗauko su daga nesa, daga Ashaka ko Obajana ko Kano, a biyo da su ta hanyar Damaturu, ana tsayawa a kowane shinge. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma sake naira ta nemi farashinta a watan Yuni, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Duk abin da ya tsadar da gini yana rage yawan ɗakunan da za a gina baɗi, kuma ƙarancin ɗaki shi ne ainihin abin da ke ɗaga haya, ko da hukuma ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar maigida ba.

Babban sauyi shi ne wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, dokoki huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma ranar 1 ga Janairu 2026. Mutanen Borno sun fi tuna su da gardamar da aka yi kafin a zartar, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoba na 2024 suka ƙi amincewa da yadda aka so a raba kuɗin VAT, Gwamna Babagana Umara Zulum da Sanata Ali Ndume suna kan gaba wajen suka. Aka yi sulhu a kan rabo, hankula suka kwanta. Sai dai hayaniyar rabon ta rufe waɗansu sassa biyu da suka shafi duk mai gida da duk ɗan haya kai tsaye, kuma ban ji an ba su ko rubu'in muhawarar da aka ba wancan ba.

Na farko shi ne harajin ribar sayar da kadara. An kafa shi tun 1967, kuma daga 1996 har zuwa ƙarshen 2025 yana kan kashi 10 cikin ɗari na ribar da aka samu. Sabuwar doka ta haɗe wannan riba da sauran kuɗin shigar mutum, ana yanka masa bisa matakai: naira dubu 800 na farko babu komai, sai kashi 15, sai 18, sai 21, sai 23, har zuwa 25 ga abin da ya wuce miliyan 50, kamfani kuwa an kai nasa kashi 30. An bar wa mutum rangwame a kan gidan da yake zaune a ciki, amma bisa sharuɗɗa, kuma ba a kan filin da ya saya ya ajiye ba. Mu ƙaddara, don a fahimta, wani ɗan kasuwa ya sayi fuloti a Pompomari a 2015 a kan naira miliyan 5, ya sayar a 2026 a kan miliyan 30, mu kuma ɗauka ba shi da wani kuɗin shiga a wannan shekara, ba shi da wata ɗawainiya da za a cire masa. A takarda ribarsa miliyan 25. Da tsohuwar doka zai biya miliyan 2 da rabi. Da sabuwa kuwa miliyan 4 da dubu 680. Amma a 2015 dala ɗaya tana wajen naira 200 a farashin hukuma, wato miliyan 5 ɗinsa dala dubu 25 ce. A 2025 kuwa dala tana kai-kawo a wajen naira 1,500, wato miliyan 30 ɗin dala dubu 20 ce. Mutumin nan, in aka auna da abin da kuɗinsa ke iya saya, faɗuwa ya yi, amma ana neman ya biya kusan humusin ribar da babu ita sai a lissafi. Ban ga adalci a cikin wannan ba, gama hukuma ce ta rage wa naira daraja, sa'an nan ta dawo tana karɓar haraji a kan ragin.

Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san abin da mutuminmu zai yi. Ko ya fasa sayarwa ya bar filin a katange, ciyawa da macizai su ci gaba da zama a ciki. Ko ya sayar a gaban bulama ya miƙa wa mai saye tsohuwar takarda da sunan mai shi na farko, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba a sauya suna ba, har ranar da magada za su haɗu a kotu. Ko kuwa su daidaita da mai saye a rubuta miliyan 10 a maimakon 30. Ukun nan duka mafsada ce: ta farko ta hana gini, ta biyu ta haifi shari'a, ta uku ta koya wa mutanen kirki ƙarya. Ingila ta taɓa ɗora haraji a kan yawan tagogin gida daga 1696 har 1851, mutane suka toshe tagoginsu da tubali suka zauna cikin duhu. Ɗan Adam, ko a ina yake, yakan rufe duk abin da mai haraji ke ƙidayawa.

Na biyu shi ne rangwamen da aka yi wa ɗan haya. Doka ta ba shi damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, iyaka naira dubu 500, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Abin yana da daɗin ji, amma a auna shi: ma'aikacin da ke biyan dubu 600 a shekara za a cire masa dubu 120, kuma idan yana matakin kashi 15, abin da ya rage masa a aljihu dubu 18 ne, ba wanda zai ci iyakar rangwamen sai mai biyan miliyan 2 da rabi, shi kuwa ɗan gudun hijira mai tura baro a Kasuwar Gamboru, wanda ba shi cikin rajistar kowa, bai san ma ana yi ba. Hikimar sashen tana wani wuri dabam. Ba a ba mutum rangwame sai ya bayyana hayar da ya biya, kuma duk ɗan hayar da ya bayyana, ya nuna wa hukuma ƙofar maigidansa da adadin abin da yake karɓa. Tun dā ma kuɗin haya kuɗin shiga ne da doka ta wajabta wa haraji, kuma kamfanoni da ƙungiyoyi suna cire kashi 10 kafin su biya maigida. Amma mai karɓar haya hannu da hannu bai taɓa shiga lissafi ba. Wannan dabara ce mai kyau a ganina, domin ba daidai ba ne malamin firamare a yanke masa haraji tun kafin albashi ya iso hannunsa, mai gidaje goma kuwa yana tafiya salin-alin. Sai dai a yi tsammanin waɗansu masu gidaje za su ƙi ba da rasit, ko su ce wa ɗan haya: "In kana son takarda, kuɗinta daban."

A nan ya dace mu waiwayi malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu, irin su Risala da Muhtasar, ake karantawa a zaurukan Yerwa har yau, domin sun yi tahƙiƙi a wannan mas'ala fiye da yadda ake zato. Gidan zama babu zakka a kansa. Gidan haya ma babu zakka a kan gininsa, sai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi shekara kuma ta kewayo a kansa. Wanda ya sayi kadara da niyyar kasuwanci kuwa sun kasa shi biyu: mudiri, mai juya hajarsa kullum, wanda zai ƙiyasta ta duk shekara ya fitar, da muhtakiri, mai ajiyewa yana dakon kasuwa ta tashi, wanda ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar, ya ba da ta shekara ɗaya ko da ya riƙe shekara goma. Zakka ibada ce, haraji kuwa siyasar mulki ce, kuma ba ni da niyyar cakuɗa su. Abin koyi shi ne tsarin: an bambanta wurin kwana da wurin neman riba, an sanya nisabi don a tsare mai ƙaramin ƙarfi, an kuma tsayar da adadi sananne, rubu'in ushuri, wanda ba ya sauyawa da sauyin gwamna. Alƙali Abu Yusuf ma, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a kan haraji, abin da ya fi nanatawa shi ne kada a ɗora wa ƙasa abin da ba ta iya ɗauka, kuma a sa ido a kan masu karɓa, domin zaluncinsu shi ke rusa ƙasa ya rage kuɗin baitulmali.

Amma akwai inda halin Maiduguri ya sa dole hukuma ta bambanta da wancan sauƙi da aka yi wa muhtakiri. A birnin da aka kewaye da rami, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya, mutumin da ya katange fuloti ashirin ya zauna yana jiran gwamnati ta shimfiɗa titi ta kawo wuta don darajarsu ta tashi, yana cin ribar aikin da ba shi ya yi ba, yana kuma tsare wa jama'a wurin da za su zauna. Wani marubucin Amurka, Henry George, ya kafa hujja tun 1879 cewa haraji a kan fili, ban da ginin da ke kansa, shi ne wanda ba ya hana aiki kuma ba a iya guje masa, saboda fili ba ya ƙaura, ba ya ɓoyuwa, ba ya raguwa don an ɗora masa kuɗi. Wanda ake neman sa da wani ɗan abu kowace shekara a kan filin da ba ya kawo masa komai, ko ya gina ko ya sayar wa mai ginawa, kuma kowanne ya zaɓa ɗaki ya ƙaru a gari. Mu kuwa mun juya al'amarin: riƙe fili yana da arha, kuɗin ƙasa ma an daɗe ba a bin sa da gaske, amma ranar ciniki da ranar neman takarda sai a tara wa mutum komai a kai.

Kayan aikin gyara wannan sun riga sun samu. A farkon mulkin Gwamna Zulum aka kafa hukumar BOGIS, wadda ta karɓi harkar filaye, ta shiga mayar da tsofaffin fayiloli cikin kwamfuta, tana auna filaye, tana ba da takardu, tana kuma bin bashin kuɗin ƙasa. Kuma a waɗannan shekarun Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka tattara bayanan gidajen biranensu. Rajista mai kyau alheri ce babba, ko da ba a maganar haraji: ita ke kashe sayar da fili ɗaya ga mutum uku, ita ke ba mutum damar kai gidansa banki jingina, kuma bayan ambaliyar 2024, lokacin da ruwa ya cinye takardun da aka ajiye a ƙarƙashin katifa da cikin akwati, an ga bambancin wanda shaidarsa ke cikin na'ura da wanda tasa ta narke. Haɗarin shi ne gaggawa. Legas ta haɗa kuɗaɗen gida wuri ɗaya tun 2001, amma da Gwamna Ambode ya yi musu ƙari mai tsanani a 2018, 'yan kasuwa da lauyoyi suka yi ca a kansa, ala tilas ya rage cikin 'yan makonni, magajinsa kuma ya sāke dokar a 2020. Idan Legas da arzikinta ba ta jure ba, ina ga garin da ya sha yaƙi, ya zauna cikin duhu bayan da aka karya turakun wuta a Janairun 2021, kasuwarsa ta ƙone a Fabrairun 2023, ruwa kuma ya ci shi a shekara mai bi?

Gyaran harajin riba, wato a riƙa cire faɗuwar darajar naira kafin a ƙidaya abin da mutum ya samu, aikin Majalisar Tarayya ne, kuma haƙƙi ne a kan wakilan Borno su tayar da shi da irin himmar da suka nuna a kan rabon VAT. Sauran kuwa yana hannun jiha da ƙananan hukumomin Birni da Jere, waɗanda tsarin mulkin 1999 ya ba ikon ƙiyasta gidaje don karɓar kuɗi. Ina kira ga Majalisar Dokokin Borno da ta sauƙaƙa kuɗin mayar da takardar bulama ta zama ta gwamna har ya zama gwauruwa mai gidan gado tana iya biya. Ta haɗa kuɗin ƙasa da kuɗin gida su zama abu ɗaya, mai karɓa ɗaya, rasit ɗaya, a kuma buga adadin a liƙa a ƙofar kowane lawani, wato dagaci. Ta yafe wa gidan zama ƙarami da unguwannin da ambaliya ta ci na wasu shekaru sanannu. Ta kuma ɗora mafi nauyin abin a kan filayen da aka katange aka bari a cikin gari.